Taura Biyu a Baki Ɗaya: Yadda NFL Ta Kafa Ƙaramar Lig a Ƙasashe Biyar a 1991, da Abin da Ya Ci Ta

Ranar Asabar, 23 ga Maris, 1991, London Monarchs ta je filin Waldstadion da ke Frankfurt ta doke Frankfurt Galaxy da ci 24 da 11. Da wannan wasa aka buɗe World League of American Football, lig ɗin da NFL, babbar lig ɗin ƙwallon Amurka, ta kafa da kulob goma a Amurka da Kanada da Ingila da Sifaniya da Jamus. Wata goma sha takwas bayan haka masu kuɗin suka dakatar da ita. Ta dawo a 1995 da wata siffa, ta yi ta rarrafe har 2007, sannan aka rufe ta baki ɗaya. Duk mai shirin kafa ƙaramar lig ta ƙwallon Amurka da za ta tsallaka iyakar ƙasa, nan ne ya kamata ya fara dubawa, domin kusan duk ramin da ke kan wannan hanya sun faɗa cikinsa, kuma da kuɗi a aljihunsu suka faɗa.

Sai an san yanayin wasan kafin a gane lissafinsa. Ƙwallon Amurka ɗan'uwan zari-ruga ne: mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, ƙwallo mai siffar ƙwai, ana gudu da ita ko a jefa. Amma masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugu daban, ga rauni da ba ya ƙarewa. Saboda haka kulob ɗaya yana buƙatar 'yan wasa arba'in zuwa hamsin, kowanne da hular kwano da sulken kafaɗa, ga masu horarwa da likitoci da masu kula da kaya. Wasa ɗaya ake iya yi a mako, jiki ba ya ɗaukar fiye da haka. Kulob ɗin da ke da wasa goma a kaka, sau biyar kacal zai buɗe ƙofar filinsa ya sayar da tikiti. Ayari babba, ranakun kasuwa kaɗan. Wannan matsala tana nan tun kafin a sa teku a tsakani.

Abin da ya sa NFL ta shiga

Ƙwallon besbol a Amurka tana da ƙananan kulob da ke rainon 'yan wasa wa manya. NFL ba ta da irin wannan. Jami'o'i ne ke yi mata raino kyauta. Yaron da ya gama jami'a bai samu gurbi ba, ko ya samu amma yana zaman benci, ba shi da inda zai buga wasa na gaske ya goge. Abin ya fi ciwo ga kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, domin mutum ɗaya ke riƙe wannan gurbi, na biyu da na uku sai su shekara ba su taɓa ƙwallo a wasa ba.

Dalili na biyu kasuwa ce. Tashar Channel 4 ta fara nuna wasannin NFL a Birtaniya a 1982, a 1986 kuma Chicago Bears da Dallas Cowboys suka yi wasan share fage a Wembley, jama'a suka cika filin. Na uku ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba: wata lig mai gasa da NFL, USFL, ta yi wasa a watannin bazara daga 1983 zuwa 1985, ta ja albashin 'yan wasa sama, ta kuma maka NFL a kotu. Ta ci shari'ar amma dala uku kacal aka ba ta diyya, ta mutu. Duk da haka masu kulob sun ga cewa barin watannin Maris zuwa Yuni a buɗe gayyato kishiya ne.

Raino da kasuwa ba hanyarsu ɗaya ba, kuma an ga alamar haka tun kafin a buga ƙwallo. A 1989 masu kulob suka amince da shirin, 26 daga cikin 28 suka zuba dala 50,000 kowanne na somin aiki. Chicago Bears da Phoenix Cardinals suka noƙe. Aka naɗa Tex Schramm, wanda ya daɗe yana tafiyar da Dallas Cowboys, shugaba. Shi babbar lig ta duniya mai cin gashin kanta yake hange, su kuwa masu kulob ƙaramar makaranta suke so wadda linzaminta ke hannunsu. A 1990 aka sauke shi aka kawo Mike Lynn na Minnesota Vikings. An canza mutum, ba a warware saɓanin ba.

Yadda aka harhaɗa ta

Aka raba kulob goma gida uku. Turai: London Monarchs, Barcelona Dragons, Frankfurt Galaxy. Gabashin Arewacin Amurka: Montreal Machine, New York/New Jersey Knights, Orlando Thunder, Raleigh-Durham Skyhawks. Yamma: Birmingham Fire, San Antonio Riders, Sacramento Surge. Farashin mallakar kulob dala miliyan 11 ne.

Mafi kyawun abin da suka yi shi ne riƙe 'yan wasa a hannun lig. Ɗan wasa da lig yake sa hannu, ba da kulob ba, albashi kuma a ƙayyade: dala 25,000 ga kwatabak, 20,000 ga yawancin sauran, 15,000 ga masu bugu, da ɗan ƙari ga wanda ya yi ƙoƙari. Wannan ya toshe gasar tsada da ta kashe USFL, inda attajirai suka yi ta ƙure juna wajen sayen taurari. A Fabrairun 1991 aka tara 'yan wasa a Orlando aka yi zaɓe bi da bi, gurbi bayan gurbi, don kada kulob ɗaya ya kwashe masu kyau. Aka kuma ajiye wata tawaga ta jiran tsammani a Dallas, wadda ba ta buga wasa, atisaye kawai take yi. Kulob ɗin da ɗan wasansa ya ji rauni sai ya ɗauko madadi daga can. Dabara ce mai kyau, domin kulob da ke Barcelona ba shi da inda zai samo ƙwararren mai tare hanya ranar Talata in nasa ya karye ranar Lahadi.

An buɗe wani shiri mai suna Operation Discovery don sa 'yan wasan da ba Amurkawa ba cikin kowane kulob. Tashoshin ABC da USA Network suka sayi nuna wasanni a Amurka. An kuma mai da lig ɗin wurin gwaji: kyamara a jikin hular ɗan wasa, rediyo a cikin hular kwatabak don koci ya yi masa magana, da damar sake kutsawa da ƙwallo bayan tacdawun, wato kai ƙwallo yankin ci, a samu maki biyu. Biyun ƙarshe NFL ta ɗauke su a 1994.

Inda lissafin ya karkace

Kakar farko ta nuna abin da ba a shirya masa ba. A Turai abin ya karɓu. Monarchs ta riƙa tara kusan mutum dubu arba'in a Wembley, wasan ƙarshe kuma, World Bowl, ranar 9 ga Yuni, 1991, mutum 61,108 suka kalli Landan ta lallasa Barcelona 21 da nema. A Amurka kuwa mutane suka ɗaga kafaɗa. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin Landan ko Frankfurt wannan ce ƙwallon Amurka mafi inganci da zai gani da idonsa, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Mutumin Birmingham ta jihar Alabama kuwa yana da ƙwallon jami'a da ya gada tun kakanni, ga NFL a talabijin. Me zai yi da waɗanda aka sallama daga sansanin manya? Raleigh-Durham ta buga goma ta sha kashi a goma, filinta wayam, aka rushe ta bayan kaka ɗaya aka kawo Ohio Glory, ita ma ta ci wasa ɗaya tak a 1992.

Nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci. Kuɗin talabijin daga Amurka yake zuwa, inda ba a damu da kallo ba. Masu sha'awa suna Turai, inda tashoshi ba sa biyan abin kirki don wannan wasa. Lig ɗin ta riƙe kulob shida a Amurka saboda kwangilar talabijin, alhali su ne suka fi janyo asara. Ta riƙe Turai saboda 'yan kallo, alhali kuɗin tikiti na wasa biyar ba ya ɗaukar nauyin kulob.

Sai tafiya. Daga Sacramento zuwa Frankfurt kimanin kilomita dubu tara ne, da bambancin awa tara a agogo. Ana ɗaukar mutum sittin ko fiye, yawancinsu ƙarti da kujerar jirgi ba ta isarsu, da akwatunan kaya da sai sun bi ta kwastam, a sauke su a otal, su yi atisaye jikinsu na gaya musu dare ne. Agogon ya shafi talabijin ma: wasan ƙarfe takwas na dare a Frankfurt ƙarfe biyu na rana ne a New York, sha ɗaya na safe a Kalifoniya. In an sa lokaci don mai kallo a Amurka an cuci mai zuwa fili, in an sa don mai zuwa fili an cuci tashar da ta biya. Ga kuɗi iri biyar a littafi ɗaya: dalar Amurka, dalar Kanada, fam, mak na Jamus da feseta ta Sifaniya. Albashi da dala ake biya, kuɗin ƙofa da na gida ake karɓa, duk motsin canji yana taɓa kasafi. Kowace ƙasa kuma da takardar izinin aikinta da harajinta da ƙa'idar inshorar rauni.

Rabon rukuni bisa nahiya ya haifar da wani abin kunya. A 1991 Landan ta ci wasa tara, Barcelona takwas, Frankfurt bakwai, babu kulob ɗaya a Arewacin Amurka da ya wuce biyar. Amma da yake zakaran kowane rukuni yana da gurbi kai tsaye, New York da Birmingham masu biyar-biyar suka shiga zagayen kusa da ƙarshe, Frankfurt mai bakwai ta zauna a gida. A 1992, shekarar da kulob-kulob na NFL suka ƙara yawan 'yan wasan da suke turowa aro, sai abin ya juye: Barcelona ta ci biyar, Frankfurt uku, Landan biyu. Zakarun bara sun koma ƙasan tebur, jama'ar Wembley suka ragu. Kasuwa ɗaya da ke tafiya ita aka raunana. World Bowl na biyu a Montreal aka yi, ranar 6 ga Yuni, 1992, Sacramento ta doke Orlando 21 da 17, ba ko kulob ɗaya daga Turai. A Satumba masu kulob na NFL suka dakatar da lig ɗin.

Montreal ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Tun da Alouettes, kulob ɗin birnin a lig ɗin Kanada, ta rushe a 1987 birnin ba shi da kulob na ƙwararru, saboda haka Machine ta samu jama'a da yawa a farko duk da ba ta taka rawar gani ba. Wato abin da ke cika fili yunwar wasa ce a garin, ba girman garin ba. New York ta fi ko'ina girma amma tana da Giants da Jets na NFL. Bayan dakatarwar, mai Sacramento, Fred Anderson, ya tsallaka da kayansa lig ɗin Kanada, CFL, da sunan Gold Miners a 1993. Wannan ya buɗe wani gwajin tsallaka iyaka, daga arewa zuwa kudu wannan karon, shi ma shekara uku ya yi ya watse. Baltimore, wadda ta ci kofin Kanada a 1995, ita ce ta koma Montreal ta zama sabuwar Alouettes.

Zubi na biyu

A 1995 aka dawo tare da tashar Fox a matsayin abokiyar tarayya, aka yar da Arewacin Amurka gaba ɗaya. Kulob shida: Landan, Barcelona da Frankfurt, da sababbi uku, Amsterdam Admirals, Rhein Fire ta Düsseldorf, da Scottish Claymores ta Edinburgh. Kowa ya gamu da kowa gida da waje, wasa goma, sannan kulob biyu su yi World Bowl. Tafiya ta zama ta awa ɗaya zuwa uku. Lig ce ke riƙe da dukkan kulob ɗin, babu wani attajiri da zai gaji ya janye. A 1998 aka sa mata suna NFL Europe.

Wasu matsalolin suka tafi, waɗanda ke ƙasa suka fito fili. Ta farko filin wasa ne. Filin ƙwallon Amurka yadi 120 ne a tsawo in an haɗa da yankunan ci biyu, kusan mita 110, alhali filin ƙwallon ƙafa yawanci mita 105 ne, kuma ana bukatar sarari a bayan layi don ɗan wasan da ya taho a guje. Filayen da ke da hanyar tsere a gefe, irin na Montjuïc a Barcelona, suna ɗauka, amma 'yan kallo suna nesa. Filayen Ingila matsattsu ne. Da Monarchs ta bar Wembley ta koma White Hart Lane a 1995, yadi 93 aka samu maimakon 100 na tsakiya, haka aka haƙura aka yi wasa. Daga nan ta koma Stamford Bridge, a 1998 kuma aka mai da ita England Monarchs tana yawo tsakanin Crystal Palace da Bristol da Birmingham ta Ingila. Kulob ɗin da ba shi da gida ba ya tara dangi. A 1999 aka maye gurbinta da Berlin Thunder. Ga kuma kaka ta zo daidai da ƙarshen kakar ƙwallon ƙafa, masu fili ba sa son a tattake musu ciyawa a watan Afrilu.

Ta biyu ita ce taura biyun, raino da kasuwa. Kulob na NFL da ya turo kwatabak aro yana son yaronsa ya buga, ko shi ne gwani ko ba shi ba. Kocin da ke Düsseldorf yana son cin wasa don mutane su dawo mako mai zuwa. Wanda ya yi fice kuwa ba ya dawowa badi, domin ficen nasa shi ne tikitinsa na komawa gida. Saboda haka kowace shekara sabuwar tawaga ce cikin tsohuwar riga. Mai sayen tikiti ba shi da ɗan wasan da zai bi shekara uku. Nasarar raino ita ce asarar kasuwa. An yi ƙoƙarin cike gibin da dokar 'yan gida, wadda ta tilasta kowane kulob ya ɗauki wasu da ba Amurkawa ba kuma ya sa su a fili. Ta taimaka wajen tallata kulob, amma tazarar horo tsakanin wanda ya tashi cikin wasan tun yana yaro da wanda ya fara yana shekara sha takwas ba ta rufuwa a wata uku, kuma gurbin bugu ne ya fi sauƙin ba ɗan gida, inda tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa suka samu shiga.

Ta uku kalanda. Ana fara sansani a Florida wajen Maris, a yi wasa har Yuni, sansanin NFL kuma ya buɗe a ƙarshen Yuli. Ga kwatabak da mai bugu wannan ba komai. Ga mai tare hanya ko mai gudu da ƙwallo, waɗanda ake gwabza wa jiki a kowane tashi, yana isa sansanin da zai yanke makomarsa a gajiye, yana takara da wanda ya huta wata shida yana koyon tsarin kulob ɗin a gida. Da kulob-kulob na NFL suka faɗaɗa atisayensu na bazara, sai masu horarwa da yawa suka gwammace su riƙe yaransu a gabansu. Waɗanda ake turawa Turai suka koma na can ƙasan jeri.

Duk da haka rainon ya yi 'ya'ya, kuma jerin sunayen yana tabbatar da batun gurbi. Brad Johnson ya buga wa Landan a 1995, Jon Kitna ya ci World Bowl da Barcelona a 1997. Kurt Warner ya jagoranci Amsterdam a 1998, Jake Delhomme na zaune a benci bayansa. Shekara guda bayan haka Warner ya zama gwarzon NFL, ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, da St. Louis Rams. Adam Vinatieri, mai bugu, shi ma ta Amsterdam ya bi. Akwai irin su James Harrison da ya buga wa Rhein Fire a 2004, amma kwatabak da masu bugu ne suka fi cin moriya.

Taswirar kuwa ta yi ta tsukewa. Barcelona ta rufe bayan 2003 aka buɗe Cologne Centurions, Claymores ta rufe bayan 2004 aka buɗe Hamburg Sea Devils. Daga 2005 kulob biyar cikin shida a Jamus suke. Dalilin a bayyane yake: sojojin Amurka sun daɗe a yankin Frankfurt, Jamusawa suna da lig tasu ta 'yan sa-kai tun 1979, kuma Galaxy, wadda Oliver Luck ya fara shugabanta, ta gane da wuri cewa biki take sayarwa. Sa'o'i kafin wasa ana kiɗa da ciye-ciye a harabar fili, wanda bai san dokar wasan ba ma ya zo ya more. Wannan ne maganin sauyin 'yan wasa: in ba za a iya sa mutum ya so ɗan wasa ba, a sa shi ya so ranar wasan.

Rufewa

Ranar 23 ga Yuni, 2007, Hamburg ta doke Frankfurt 37 da 28 a World Bowl na ƙarshe, a gaban mutum sama da dubu arba'in da takwas. Kwana shida bayan haka NFL, ƙarƙashin sabon kwamishinanta Roger Goodell, ta sanar da rufe lig ɗin. Asarar da aka riƙa ambata kimanin dala miliyan 30 ce a shekara.

Wannan adadi yana da fuska biyu. In an raba shi ga kulob 32, bai kai dala miliyan ɗaya ga kowanne ba, kuɗin da ba ya sayen ko matsakaicin ɗan wasa guda. A matsayin kuɗin makaranta ga 'yan wasa da masu horarwa da alƙalan wasa, araha ne. A matsayin kasuwanci kuwa, shekara goma sha biyar ana wasa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Masu kulob ba su taɓa tsayawa kan ma'auni ɗaya ba. In ana maganar asara sai a ce ai raino ne, in ana maganar ƙarancin taurarin da ta fitar sai a ce ai tallan wasan ne a Turai. Wanda ke son rufewa kullum yana da hujja a ɗaya daga cikin littattafan biyu.

Abin da NFL ta yi daga baya shi ne raba ayyukan. Kasuwa ta ba wa wasanninta na gaske: a Oktoban 2007 New York Giants da Miami Dolphins suka buga a Wembley, Munich ta samu nata a 2022, Frankfurt a 2023. Raino ta mayar cikin gida, ta ƙara yawan 'yan jiran tsammani da kowane kulob ke riƙewa. Neman 'yan ƙasashen waje kuma ta mai da shi ƙaramin shiri na ɗaiɗaikun mutane da aka fara a 2017, wanda ta cikinsa Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya tashi a Landan, ya shiga tawagar Carolina Panthers a 2018.

Sunayen kulob ɗin ba su mutu ba. A 2021 Patrick Esume da Zeljko Karajica suka buɗe kakar farko ta European League of Football da kulob takwas, shida a Jamus, ɗaya a Wrocław ta Poland, ɗaya a Barcelona, suka samu izinin NFL na amfani da tsofaffin sunaye. Tsarinsu kishiyar na 1991 ne: Amurkawa huɗu kacal aka yarda wa kowane kulob, mafi yawan tawaga 'yan gida ne da za su dawo badi, kuma galibin tafiye-tafiyen mota na iya yinsu. A wasan ƙarshe na kakar farko, a Düsseldorf, Frankfurt Galaxy ta doke Hamburg Sea Devils 32 da 30.